Darasi na Tara: Jera Bayanai da Kasa Su Rukuni-Rukuni a Rahoton Kasuwanci

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ciniki ya san yadda ake cika shi. Abin da aka fara sayarwa shi ake fara rubutawa, na bayansa ya biyo, haka har shafi ya cika a juya wani. Wannan tsari yana yi wa mai rubutu daɗi, amma ba ya taimakon mai tambaya. Ranar da maigida ya ce, "Malam, wane kaya ne ya fi kawo mana kuɗi a watanni ukun nan?" ko "Mutanen wane gari ne suka fi yi mana ciniki?", sai akawu ya koma shafin farko da fensir da kalkuleta, ya yini yana lissafi. Manhajojin rahoton kasuwanci suna amsa irin waɗannan tambayoyi cikin ƙiftawar ido ta hanyoyi biyu: jerawa da kasawa. A wannan darasi za mu yi aiki da Microsoft Excel, domin ita ce aka fi samu a shaguna da ofisoshi, daga baya mu leƙa manyan manhajojin rahoto. Sunayen maɓallai da Turanci suke a kan allo, saboda haka za mu kawo su kamar yadda za ku gan su.

Jadawalin da za mu yi aiki da shi

Mu ɗauka wani dillalin hatsi ne a kasuwar Dawanau ta Kano, ga kuma cinikinsa na sari na wata uku. Alkaluman na koyo ne, an ƙirƙire su don darasi.

| Lamba | Kwanan wata | Gari | Kaya | Buhu | Farashin buhu | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 3 Janairu 2024 | Katsina | Masara | 20 | 50,000 | 1,000,000 |
| 2 | 5 Janairu 2024 | Maraɗi | Gero | 100 | 48,000 | 4,800,000 |
| 3 | 9 Janairu 2024 | Zariya | Wake | 10 | 90,000 | 900,000 |
| 4 | 16 Janairu 2024 | Katsina | Gero | 5 | 56,000 | 280,000 |
| 5 | 2 Fabrairu 2024 | Maraɗi | Masara | 60 | 47,000 | 2,820,000 |
| 6 | 6 Fabrairu 2024 | Gusau | Wake | 15 | 92,000 | 1,380,000 |
| 7 | 13 Fabrairu 2024 | Zariya | Masara | 8 | 52,000 | 416,000 |
| 8 | 20 Fabrairu 2024 | Katsina | Wake | 4 | 95,000 | 380,000 |
| 9 | 5 Maris 2024 | Maraɗi | Gero | 40 | 50,000 | 2,000,000 |
| 10 | 12 Maris 2024 | Gusau | Masara | 12 | 53,000 | 636,000 |

Abin da ya tafi a kwance shi muke kira layi, kuma kowane layi ciniki ɗaya ne cikakke. Abin da ya sauko a tsaye shi ne ginshiƙi, kuma kowane ginshiƙi iri ɗaya na bayani yake ɗauka: gari kaɗai, ko kuɗi kaɗai. Inda layi da ginshiƙi suka haɗu shi ne gida. Layin sama mai ɗauke da sunaye shi ne kan jadawali.

Kafin ku taɓa komai, ku rubuta lambobi uku a takarda ku ajiye a gefe: layuka 10, buhu 274, kuɗi naira 14,612,000. Duk juyin da za ku yi wa jadawalin nan, waɗannan ukun ba za su canja ba. Idan suka canja, to an yi ɓarna a wani wuri.

Jerawa

Jerawa ita ce sauya wa layuka matsayi ba tare da an ƙara ko an rage ko ɗaya ba. Ana iya jerawa daga ƙarami zuwa babba, ko daga babba zuwa ƙarami. Daga A zuwa Z, ko akasin haka. Daga tsohon kwanan wata zuwa sabo, ko daga sabo zuwa tsoho.

Ku danna gida ɗaya, ɗaya tak, a cikin ginshiƙin Kuɗi. Ku buɗe sashen Data da ke sama, ku danna maɓallin da ke da Z a sama, A a ƙasa. Nan take layi mai lamba 2 zai hau sama, sai 5, sai 9, sannan 6, 1, 3, 10, 7, 8, a ƙarshe 4. Ku dubi ukun farko: duk na Maraɗi ne. Wannan abu yana cikin littafin tun farko, amma jerin kwanan wata ya ɓoye shi.

Akwai dalilin da ya sa muka ce gida ɗaya tak. Idan kuka zaɓi ginshiƙin Kuɗi gaba ɗaya kuka ce a jera, Excel za ta tsaya ta tambaye ku: a faɗaɗa zaɓin ya haɗa da sauran ginshiƙai, ko a ci gaba da wanda aka zaɓa kaɗai? Amsar ita ce ta farko, wadda aka rubuta Expand the selection. Wanda ya zaɓi ta biyu ya jera kuɗin kaɗai, ya bar garuruwa da kaya a inda suke. Sai a ga naira 4,800,000 ta koma kan masarar Katsina mai buhu 20. Abin da ya sa wannan kuskure ya fi kowanne muni shi ne jimlar kuɗin ba ta canjawa, tana nan 14,612,000, ba abin da zai ja hankalin mutum. Idan an farga nan take, Ctrl da Z za su mayar da komai. Idan an adana fayil an rufe, to sai dai a koma ga rasiɗai. Shi ya sa akawu mai hankali yake kwafe jadawalin zuwa wani shafi kafin ya fara. Ginshiƙin Lamba kuwa, da shi ake komawa jerin asali muddin layuka cikakku aka jera.

Jadawalin da za a jera yana son tsabta. Kada a bar layi babu komai a tsakiya, domin manhajar za ta ɗauka a nan jadawalin ya ƙare, ta jera na sama ta bar na ƙasa. Kada a haɗe gidaje biyu su zama ɗaya don ado, domin jerawa za ta ƙi tafiya. A kuma tabbata an yi alama a inda aka rubuta My data has headers, in ba haka ba kalmar "Kaya" kanta za ta shiga jeri ta zauna tsakanin gero da masara.

Jerawa mai hawa biyu

Sau da yawa ginshiƙi ɗaya ba ya isa. A ce muna son kowane kaya ya zauna wuri ɗaya, kuma a cikin kowane kaya babban ciniki ya zo a sama. Sai a danna Sort, a zaɓi Kaya a hawa na farko, a danna Add Level, a zaɓi Kuɗi daga babba zuwa ƙarami. Sakamakon shi ne gero: 2, 9, 4, masara: 5, 1, 10, 7, wake: 6, 3, 8. Hawa na biyu ba ya aiki sai inda na farko ya yi kunnen doki. Saboda haka idan aka sa Kuɗi a hawa na farko, Kaya a na biyu, na biyun ba zai tsinana komai ba, tunda babu layuka biyu masu kuɗi iri ɗaya. Ƙa'idar ita ce a fara da ginshiƙin da ke yawan maimaita kansa.

Kafin Excel ta 2007 hawa uku kawai ake iya sawa a lokaci ɗaya. Daga ita aka kai 64. Masu aiki a wancan lokaci suna da dabara: su fara jera ginshiƙi mafi ƙarancin muhimmanci, su ƙare da mafi muhimmanci, domin jerawar ƙarshe ba ta hargitsa layukan da suka yi daidai da juna. Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun bayan da Herman Hollerith ya fito da katuna masu huji don ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, injinan jera kati na wancan zamani suna duba gurbi ɗaya ne a kowane zagaye, kuma ma'aikaci yakan fara daga lambar ƙarshe ya dawo ta farko. Har yau dabarar tana da amfani ga wanda manhajarsa ba ta ba shi hawa da yawa ba.

Inda jeri yake karkacewa

Manhaja tana bin abin da aka rubuta ne, ba abin da aka nufa ba. Wurare uku ne wannan ya fi cizon mutane.

Na farko shi ne lamba da ta shiga a matsayin rubutu. Hakan yakan faru idan an kwafo bayani daga saƙon waya, ko daga takardar banki, ko kuma wani ya rubuta "20 buhu" a gida ɗaya. Lamba ta gaskiya takan jingina a hannun dama na gida, rubutu kuwa a hagu, kuma Excel takan sa 'yar alama koriya a kusurwa don gargaɗi. Idan ginshiƙin Buhu ya zama rubutu aka jera shi a haka, ga abin da zai fito: 10, 100, 12, 15, 20, 4, 40, 5, 60, 8. Ba hauka ba ne. Manhajar ta bi harafin farko ne kamar mai duba ƙamus, duk mai farawa da 1 ya rigayi mai farawa da 2. Idan kuma rabi lamba ne rabi rubutu, to lambobin za su zo da farko, rubutun ya biyo baya, gidajen da babu komai su koma can ƙasa. Maganin shi ne a rubuta lamba tsirara, a bar kalmar "buhu" da alamar naira a kan jadawali.

Na biyu shi ne kwanan wata. A cikin Excel kwanan wata lamba ce da aka yi wa riga: 1 ga Janairu 1900 ita ce 1, kowace rana kuma a ƙara ɗaya, har 1 ga Janairu 2024 ta zama 45292. Wannan ne ya sa ake iya jera kwanaki daidai. To amma mu nan muna fara rubuta rana sannan wata, Amurkawa kuwa suna fara wata sannan rana, kuma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka. A irin wannan kwamfuta, wanda ya buga 05/03/2024 yana nufin 5 ga Maris, ita kuma ta karanta 3 ga Mayu. Wanda ya buga 16/01/2024 kuwa, tunda babu wata na 16, sai ta bar shi a matsayin rubutu. Ginshiƙi ɗaya ya zama rabi kwanan ƙarya, rabi rubutu. A gyara saitin yanki na kwamfutar tun farko, kuma a sa ginshiƙin ya riƙa nuna sunan wata, yadda ido zai kama kuskure tun ana shigarwa.

Na uku shi ne sunayen watanni da ranaku. Idan aka rubuta watanni da Hausa aka ce a jera daga A zuwa Z, shekara za ta fara da Afrilu, sai Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu, Maris, Mayu, Nuwamba, Oktoba, Satumba, Yuli, ta ƙare da Yuni. Excel tana da wurin koya mata jeri na musamman, wanda ake kira Custom Lists, inda za a rubuta Janairu zuwa Disamba sau ɗaya, ko Muharram zuwa Zulhajji ga mai lissafin zakka. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a ƙara ginshiƙin lambar wata, 1 zuwa 12, a jera da shi.

Kasawa

Jerawa tana barin layuka goma a goma. Kasawa tana tara masu kama da juna wuri ɗaya ta fitar da lamba ɗaya a madadinsu, kamar mai tumatir da ta juye kwando ta kasa manya daban, ƙanana daban, ta sa wa kowane kashi kuɗinsa. Kafin a kasa sai an amsa tambaya biyu: da wane ginshiƙi za a kasa, kuma wane lissafi za a yi wa kowane rukuni? Jimla ce, ko ƙirga, ko matsakaici, ko mafi girma?

Hanya ta farko ita ce ƙaramar jimla, wato maɓallin Subtotal da ke sashen Data. Aikinsa shi ne ya bi ginshiƙin daga sama, duk inda suna ya canja ya saka layin jimla. Ba ya tuna abin da ya wuce. Idan kuka danna shi a kan jadawalinmu yadda yake, zai ga masara, gero, wake, gero, masara, haka har ƙasa, babu biyu a jere masu suna ɗaya, sai ya ba ku ƙananan jimloli goma da ba su da amfanin komai. Dole a fara jerawa da Kaya tukuna. Idan aka yi haka, ga abin da zai fito: gero buhu 145, naira 7,080,000, masara buhu 100, naira 4,872,000, wake buhu 29, naira 2,660,000, babbar jimla buhu 274, naira 14,612,000. Ku gwada da takardar da kuka ajiye a gefe. A hagun allo za ku ga lambobi 1, 2, 3. Ta 1 tana nuna babbar jimla kaɗai, ta 2 tana nuna jimlar kowane kaya, ta 3 tana buɗe komai. Ta 2 ita ce ake buga wa maigida.

Wasu sukan saka layukan jimla da hannu, su kuma tara ginshiƙin gaba ɗaya a ƙasa. Sai kowane ciniki ya shiga sau biyu, sau ɗaya a layinsa, sau ɗaya a jimlar rukuninsa, kuɗin ya zama 29,224,000. Maɓallin Subtotal ba ya faɗa wa wannan rami, domin lissafin da yake sakawa yana tsallake 'yan'uwansa idan ya zo tara babbar jimla.

Hanya ta biyu, kuma wadda a ganina ta fi cancantar lokacin ɗalibi, ita ce PivotTable, wadda ta shigo Excel tun fitowa ta 5.0. Ita ba ta taɓa jadawalin asali, ba ta kuma buƙatar a jera shi. A danna gida ɗaya a ciki, a je Insert, a zaɓi PivotTable. Za a ga akwatuna huɗu. A ja Gari zuwa akwatin Rows, a ja Kuɗi zuwa Values. Shi ke nan: Gusau 2,016,000; Katsina 1,660,000; Maraɗi 9,620,000; Zariya 1,316,000. Maraɗi kaɗai ta ɗauki kusan kashi 66 cikin 100 na cinikin. Idan aka ƙara jan Kaya zuwa Columns, sai a sami wannan:

| Gari | Gero | Masara | Wake | Jimla |
|---|---|---|---|---|
| Gusau | | 636,000 | 1,380,000 | 2,016,000 |
| Katsina | 280,000 | 1,000,000 | 380,000 | 1,660,000 |
| Maraɗi | 6,800,000 | 2,820,000 | | 9,620,000 |
| Zariya | | 416,000 | 900,000 | 1,316,000 |
| Jimla | 7,080,000 | 4,872,000 | 2,660,000 | 14,612,000 |

Ku tsaya ku karanta wannan da idon ɗan kasuwa. Kasawa da kaya ta ce gero ne ke riƙe da shagon. Kasawa da gari ta ce Maraɗi ce. Sai da aka haɗa biyun aka ga cewa magana ɗaya ce: cikin naira 7,080,000 na gero, 6,800,000 daga Maraɗi suka fito. Ke nan idan hanyar kan iyaka ta sami tangarɗa, geron dillalin nan zai zauna a sito. Gidajen da babu komai su ma suna da abin faɗa: mutanen Gusau da Zariya ba su sayi gero ko buhu ɗaya ba.

PivotTable ba ta ganin gyaran da aka yi wa jadawalin asali sai an danna Refresh, kuma idan an ƙara layuka a ƙasa sai an tabbata sun shiga yankin da take karantawa. Mayar da jadawalin zuwa Table da Ctrl da T yana magance na biyun, sai dai maɓallin Subtotal ba ya aiki a cikin Table. Idan kuma kuka ja Kuɗi kuka ga ƙananan lambobi irin 3, 3, 2, 2, to ƙirga ta yi maimakon tarawa, kuma galibi alama ce cewa akwai rubutu a cikin ginshiƙin. Ƙirgar ma amsa ce, amma ta wata tambaya: Katsina da Maraɗi kowacce ta zo sau uku, alhali kuɗin Maraɗi ya kusa ninka na Katsina sau shida. Wajen kasa kwanan wata zuwa watanni, idan bayanin ya haura shekara ɗaya a zaɓi wata da shekara tare, in ba haka ba Janairun bara da na bana za su haɗu a rukuni ɗaya.

Suna ɗaya, rubutu uku

A ce yara uku ne suke shigar da ciniki. Na farko ya rubuta Maraɗi da ɗ mai lanƙwasa. Na biyu allon rubutunsa ba shi da ita, ya rubuta Maradi. Na uku ya rubuta Maradi, yatsansa ya taɓa maɓallin tazara a ƙarshe. A wurin manhaja garuruwa uku ne. Rahoton zai nuna 4,800,000, da 2,820,000, da 2,000,000 a layi daban-daban, har Gusau mai 2,016,000 ta shiga tsakaninsu ta zama ta uku. Babbar jimla tana nan daidai, amma kashi 66 ɗin nan ya ɓace, kuma shi ne abin da maigida ya fi buƙatar sani. Tazarar ƙarshe ba ta ganuwa da ido. Lissafin TRIM ne yake share ta. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da wata matsalar kuma: a wasu manhajoji da rumbunan bayanai da ke jerawa bisa lambar da kowane harafi yake da ita a cikin kwamfuta, sunan da ya fara da Ƙ ko Ɗ yakan faɗa can bayan Z. Mai neman Ɗanbatta a ƙarƙashin D sai ya ɗauka ba a shigar ba.

Gyara bayan an ɓata wahala ce. Abin da ya fi shi ne a yanke shawara sau ɗaya kan yadda za a rubuta kowane gari da kowane kaya, a jera su a wani shafi, sannan a yi amfani da Data Validation a sa ginshiƙin ya riƙa ba da zaɓi daga wannan jeri kaɗai.

Tarkon matsakaici

Ba kowane ginshiƙi ake tarawa ba. Wanda ya tara farashin gero, 48,000 da 56,000 da 50,000, zai sami 154,000, lambar da ba ta nufin komai. To a ce matsakaici aka nema. Manhaja za ta raba 154,000 gida uku ta ce 51,333. Amma shin a kan wannan farashi dillalin ya sayar da geronsa? Buhu 5 kacal ya sayar a 56,000, buhu 100 kuwa a 48,000. Lissafin gaskiya shi ne a raba jimlar kuɗi da jimlar buhu: 7,080,000 a raba 145, wato kusan naira 48,828. Bambancin ya kai naira 2,500 a kowane buhu, kuma a cinikin hatsi wannan yana iya zama ribar gaba ɗaya. Wanda ya sari sabon gero yana dogaro da 51,333 zai iya faɗuwa bai san inda ya tuntuɓe ba. Haka ma ba a ɗaukar matsakaicin kowane rukuni a sake fitar da matsakaicinsu, sai in rukunan girmansu ɗaya.

A manyan manhajoji

Kamfanin da ya girma yakan ajiye bayanansa a rumbun bayanai, ya fitar da rahoto da manhajoji irin su Crystal Reports ta kamfanin SAP, ko Microsoft Access, ko Power BI da ta fito a 2015. Fuska ce ta bambanta, tunanin ɗaya ne. A Crystal Reports da Access ana raba takardar rahoto hawa-hawa: kan rukuni inda sunan gari yake fitowa, sai tsakiya inda layukan ciniki suke, sai ƙasan rukuni inda jimla take. Ana iya sa rukuni cikin rukuni, kaya a cikin gari, kuma wanda aka sa a waje shi ne yake nuna tambayar da rahoton yake amsawa. A Power BI akwai Sort by column, wanda yake sa sunan wata ya bi lambarsa. A ƙarƙashin yawancinsu akwai harshen SQL, inda ORDER BY yake jerawa, GROUP BY yake kasawa. Rumbun bayanai ba ya alkawarin kowane jeri sai an nema a fili, ko da an kasa.

Wani abu da ya kamata a tambayi mai haɗa rahoto shi ne: yaushe aka tace, kafin kasawa ko bayanta? A jadawalinmu, idan aka ce a bar cinikin da ya haura naira 1,500,000 kaɗai sannan a kasa, Maraɗi ce kawai za ta fito. Idan aka fara kasawa sannan aka ce a bar garin da jimlarsa ta haura 1,500,000, za a ga Maraɗi da Gusau da Katsina. Rahoto biyu ne masu take kusan iri ɗaya.

Ƙirga layuka kuwa ba aikin ƙananan shaguna kaɗai ba ne. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga rahotonta ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda iyakarsa layi 65,536. Abin da ya haura iyaka ya zube ba tare da gargaɗi ba. Sabon nau'in yana ɗaukar layi 1,048,576, amma shi ma yana da iyaka.

Aikin yi

1. Ku shigar da jadawalin farko a kwamfuta, ku jera shi da Gari daga A zuwa Z, sannan da Buhu daga babba zuwa ƙarami. Wace lamba ce ta zo a sama, wacce ce a ƙasa?

2. Ku kasa cinikin wata-wata. Idan kun yi daidai, Janairu zai ba ku naira 6,980,000. Ku nemo na Fabrairu da Maris, ku tabbata ukun sun haɗa babbar jimla.

3. Ku fitar da matsakaicin farashin masara ta hanyoyi biyun da muka gani. Nawa ne bambancin, kuma wane ciniki ne ya jawo shi?

4. Ku canja Katsina ta layi na 8 zuwa Kastina da gangan, ku danna Refresh. Ku rubuta abin da ya canja a rahoton da abin da bai canja ba.

5. Ku kawo shafi ɗaya na littafin cinikinku, ko na adashi, ko na kuɗin makarantar yara. Kafin ku kunna kwamfuta, ku rubuta tambaya ɗaya da kuke son shafin ya amsa, da ginshiƙin da za ku kasa da shi, da irin lissafin da za ku yi wa kowane rukuni. A aji mai zuwa kowa zai ba na kusa da shi nasa ya duba.